Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumar AN2PI mai kula da mallakar ƙirƙira a Nijar: ku bar ƙofar birben manhaja a rufe, kuma ku faɗa ma yaranmu da Hausa

Assalamu alaikum, ranku shi daɗe. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya zafin Yamai.

Ni malamin ordinater ne nan Tawa, ba wani babba ba, ina da ɗan shago inda nike koya ma yara buga rubutu da lissafi, wanda kanshi ya ɗauka in koya mishi rubuta kod, wato umarnin da ordinater ke bi, kuma ina yi ma masu kanti da makarantun kuɗi ƙananan lojisiyel, abin da gidajen rediyo ke ce ma manhaja. Na rubuto muku a fili inda kowa za shi gani don maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma da gangan na rubuta da Hausa duk da na san dosiye da Faransanci ake kawo muku, don yaran da abin ya shafa da Hausa suke hira ko da kod ɗinsu da baƙin harshe suke rubuta shi.

Birbe nike son mu yi magana kanshi. Ba birben kolej ba wanda ake kwana ana jiran sakamako, a'a, takardar mallakar ƙirƙira, wadda in ka samu to shekara 20 ba mai yin abin da ka ƙirƙiro ko shi saida shi sai da yardarka.

Abin da ya tado ni ga shi. Ɗan ƙanwata ya gama karatu, ya zauna wata da watanni ya rubuta wata 'yar manhaja ta salula don dillalan albasa, tana riƙe lissafin buhu nawa anka ɗauka daga wane manomi, wa anka biya wa ke bin bashi, wace mota ta yi lodi zuwa Abijan ko Akara, kuma ko babu rezo tana aiki, in rezo ya dawo ta tura ma mai kaya saƙo. Abu mai kyau wallahi, ni da na koya mishi na yi mamaki. Sai ya tafi wani taron horon matasa, can wani mai jawabi ya ce musu duk wanda bai yi ma manhajarshi birbe ba to ya shuka ma wani ne, gobe mai kuɗi za shi kwaikwaya shi bar ka da hamma. Yaro ya dawo ba barci. Ya samu lambar wani mutum a Yamai, ba ma'aikacinku ba ne, ɗan tsakani ne kawai irin masu cewa sun san hanya, ya ce mishi shi turo jika 400 kafin alƙalami shi haɗa mishi dosiye. Ranar da na ji labari har ya kai motonshi an yi mata kuɗi, uwar kuma tana shirin saida ragon da take kiwo tun bara. Na ce kai zauna. Ya ce kawu kai ba ka gane ba zamani ya canza. Na ce to mu buɗe dokar mu karanta tare.

Kun fi ni sanin abin da munka iske. Yarjejeniyar Bangi ta 1977, wadda anka gyara a 1999 anka sake gyarawa a Bamako a 2015, ita ce dokarmu ta birbe mu da sauran ƙasashen OAPI, ƙungiyar Afirka mai ba da birbe, mu 17, ofis guda a Yawunde. Cikin abubuwan da ta ce ba a yi musu birbe akwai ka'idojin lissafi, akwai dabarun tafiyar da kasuwanci, akwai manhajar ordinater. Rubuce yake baƙi kan fari. Ke nan da yaro ya saida moto da uwa ta saida rago, cinikin biri a sama anka yi, an sayi abin da doka ta ce babu shi. Kuma ko da akwai shi, birbe sai ga sabon abu da ba a bayyana ba, shi ko tuni ya watsa manhajar a gurup-gurup na WhatsApp dillalai na aiki da ita.

To roƙona na farko ke nan, mai sauƙi. Ku fito ku faɗi wanga zance da bakinku, da Hausa da Zabarmanci da Tamajak da Fulatanci, a rediyon gari ba a otal ba. Don in na faɗa cewa za su yi tsohon malami ne bai son ci gaba, in kunka faɗa ta zauna.

Amma ba wannan kaɗai ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ni ra'ayina dokar nan daidai take, ba kuskure ba ne da za a gyara wata rana, kuma ina son duk wanda za shi zauna da sunan Nijar a teburin OAPI shi riƙe ta da hannu biyu. Bari in faɗi dalili, don na san a cikin 'yan'uwana masu kod akwai masu ganin an tauye mu.

Kod ɗin da yaro ya rubuta nashi ne tun ranar da ya rubuta shi, ba sai ya biya kowa ba. Haƙƙin mawallafi ya rufe shi kamar yadda ya rufe littafi da waƙa, yarjejeniyar Bangin da kanta ta sa manhaja cikin wanga sahu, haka ma yarjejeniyar ADPIC ta ƙungiyar kasuwanci ta duniya ta 1994 ta ce a kare manhaja kamar rubutun adabi. In wani ya ɗauki kod ɗinshi ya canza suna ya saida, ɓarawo ne, akwai kotu, akwai BNDA, hukumar kare haƙƙin mawallafi ta Nijar. Birbe wani abu ne daban. Haƙƙin mawallafi cewa yake kar ka ɗauki gugata. Birbe cewa yake ni na riga kai takarda cewa ana ɗaura igiya ga guga a ja ruwa, don haka ko kai ka saƙa igiyarka ka ɗinka gugarka ka gina rijiyarka a gonar ubanka, ko ba ka taɓa jin sunana ba, sai ka biya ni. Ga injin niƙa ko maganin da anka shekara goma ana gwaji a kai ana iya cewa to ya cancanta, mutum ya zuba dukiya. Amma manhaja? Kowace manhaja tari ce ta ƙananan dabaru, ɗaruruwa, yadda ake jera suna, yadda ake matse hoto, yadda ake aje saƙo sai rezo ya dawo, kuma yara biyu ɗaya a Tawa ɗaya a Bamako in ka ba su matsala guda sau da yawa hanya guda za su fito da ita ba tare da sun san juna ba, don lissafi ne, lissafi kuwa bai da gida biyu.

Ba hasashe nike ba, an gwada a wani wuri mun ga yadda ta kaya. A Amurka kotun ƙoli a 1972 ta ƙi yarda a yi ma wata dabarar juya lambobi birbe. A 1981 ta yarda da wani, amma shi injin gasa roba ne da ordinater ke lissafa mishi lokacin buɗewa, kun ga akwai ƙarfe akwai wuta a ciki. Daga wagga 'yar kafa anka yi ta faɗaɗawa har 1998 wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce ko dabarar kasuwanci ma a kawo. Shi ke nan ruwa ya ɓalle. A 1999 Amazon mai saida kaya ta intanet ta samu birbe kan sayen kaya da latsawa guda, wai tunda an riga an aje adireshinka da katinka ba sai an sake tambayarka ba. Ranku shi daɗe, wannan ai shi ne abin da kowane mai kanti a kasuwar Tawa ke yi ma wanda ya sani, ɗauki ka tafi na rubuta. Amma da wagga takarda sunka kai wani kamfanin saida littattafai kotu a shekarar, anka tilasta mishi ƙara latsawa ta biyu a shafinshi, kuma abin bai faɗi ba sai 2017.

Sannan ga 'yan bariyer, don ni haka nike kiransu, kamfanonin da ba su ƙera komi ba su saida komi, aikinsu sayen tsofaffin birbe su ɗaura igiya a hanya su jira mai wucewa. A 2006 kamfanin da ke yin BlackBerry ya biya wani irinsu dala miliyan 612.5 don kar kotu ta tsayar mishi da aiki a Amurka, kuma dalar Amurka nike nufi ba dalarmu ta sefa biyar ba. Wani kuma ƙananan ofisoshi ya bi da wasiƙu, wai duk mai sikane takarda ya tura ta imel ya taka birbenshi, a biya kamar dala 1000 kan kowane ma'aikaci. Ni da na karanta wannan sai na dubi sikanar da ke kan teburina wadda nike tura ma mutane takardun haihuwa da ita kullum, na yi dariya ni kaɗai. Masu biya cikin waɗanda anka aika ma irin wasiƙun ga ba wai sun yarda sun yi laifi ba ne, lissafi suke su ga kuɗin lauya ya fi kuɗin sulhu sai su biya.

Su kansu manyan sun san da haka. Bill Gates na Microsoft a wata takarda da ya rubuta ma ma'aikatanshi a 1991 ya ce da tun farko mutane sun yi ta yin birbe kan dabarun da ake aiki da su, da sana'ar ta tsaya cik. Mi ya ce a yi? Ya ce su ma su tara iya abin da za su iya. Wato ba don ƙirƙira ba, don garkuwa, kowa na tara makami don maƙwabci ya tara. A 2011 taron wasu kamfanoni ciki har da Apple da Microsoft sunka zuba dala biliyan 4.5 don sayen birbe kimanin 6000 na kamfanin Nortel da ya karye. Wannan kuɗi ba layin kod ko guda da ya rubuta. Sai a 2014 kotun ƙolin ta Amurka a shari'ar Alice ta ja birki, ta ce don ka ɗauki tsohuwar dabara ka ce a yi ta da ordinater bai sa ta zama ƙirƙira ba. Turai kuwa majalisarsu ranar 6 ga Yuli 2005 ta yi watsi da wani daftarin doka kan zancen da ƙuri'a 648, masu so 14 kacal. Niyu Zilan ma a dokarta ta 2013 ta fidda manhaja. Waɗanda sunka fi mu kuɗi da lauyoyi sun ɗanɗana suna tofarwa, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai ka san abin yi da naka.

Amma a nan ne nike son ku buɗe ido sosai, don ta Turai ba ta ƙare nan ba. Dokarsu ta 1973 ita ma ta ce ba a yi ma manhaja birbe, sai dai ta ƙara 'yan kalmomi, wai manhaja a matsayinta na manhaja kawai. Ta wagga kafar allura lauyoyi sunka shigo da raƙumi. Ba za su rubuta manhaja a dosiye ba, sai su rubuta wai tsari ne mai amfani da na'ura da ma'ajiya da hanyar sadarwa wanda ke haifar da sakamako na fasaha, ofishin birben Turai kuma ya yi ta bayarwa. To irin lauyoyin ga su ne ke shirya dosiyen da ke zuwa Yawunde, don kun sani mafi yawan masu neman birbe a OAPI ba 'yan ƙasashenmu ba ne, kamfanonin waje ne. Kuma dosiye guda a Yawunde ƙasa 17 yake kullewa lokaci ɗaya. Ku auna, wani kamfani shi samu takarda kan biyan kuɗi ta saƙon salula in babu intanet, an yi mata ado da kalmomin na'ura, sai wata rana yaron Tawa ko na Maradi shi samu wasiƙa da Faransancin lauya. Wa za shi tsaya mishi? Da wane kuɗi? Don haka ba rubutun dokar kaɗai za ku tsare ba, ku tsare yadda masu binciken dosiye ke fassara ta, ku riƙa tambaya a taro, irin waɗanne ake bari su wuce.

Mu mutanen jihar Tawa wagga magana ba baƙuwa ba ce gare mu. Ba mu manta lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi a yi mishi rajistar albasar Galmi a OAPI ba, irin da kakanni sunka yi ta zaɓe shekara da shekaru a gonakinsu, sai da manoma da hukuma sunka tashi tsaye. Wanda ya iya cika takarda ya so shi riga wanda ya iya noma. Birben manhaja haka yake, sai dai shi ba ka ganin buhun da anka ɗauka.

Yanzu in yi adalci ga ɗan ƙanwata da abokanshi, don tsoronsu ba na banza ba ne. Gaskiya ne ana kwaikwaya. Gaskiya ne yaro na iya kai tunaninshi wani babban ofis neman tallafi, a ce mishi za mu kira ka, bayan wata shida shi ga abu mai kama da nashi da tambarin wasu. Gaskiya ne kuma wasu masu zuba jari in sunka zo tambayarsu ta farko mi ka mallaka a takarda. Na ji duk wannan. Abin da nike ce musu shi ne birbe ba shi ne maganin wanga ciwo ba. Ka biya kuɗin ajiye dosiye, ka biya wanda za shi rubuta shi da harshen doka, kowace shekara ka biya kuɗin raya shi in ka fasa ya mutu, kuma sai ka bayyana dabararka duka a buga kowa shi karanta. Bayan duk wannan takardar ba ta kama ɓarawo da kanta, kai za ka kai ƙara ka ɗauki lauya ka yi ta zarya, da wanda ya fi ka aljihu nesa ba kusa ba. Kuma Najeriya ba ta cikin OAPI. Wato wanda ke zaune Illela ta Najeriya, taku kaɗan daga Konni, shi kwaikwayi abinka shi sa a intanet, birbenka na Yawunde ko kallo bai ishe shi ba. Shekara 20 kuma a sana'armu, ku tuna wace irin salula ke hannunku shekara 20 baya.

Ni abin da na gani da idona ke tsare yaro shi ne dillalai sun san shi, in abu ya lalace ƙarfe goma na dare shi suke kira ya zo, ya san buhun Galmi ba ɗaya yake da na wani wuri ba, ya san yadda ake rubuta bashi tsakanin manomi da dillali ba tare da an kunyata kowa ba. Mai kwaikwaya daga nesa bai da wannan.

Kuma mu faɗi gaskiya, da mi ya rubuta manhajar? Da kayan da wasu sunka bari kyauta. Android ɗin da take gudana a kai tushenshi Linux ne da Linus Torvalds ya saki a 1991. Yanar gizon da ya koyi komi a kanta, cibiyar binciken kimiyya ta Turai CERN ta sake ta ga duniya a 1993 ba ta nemi ko dala ba. Da kowane ɗayansu ya ɗaura igiya a hanya da har yau ni ina gyaran keken rubutu. Tsofaffin hannu sun tuna da hoton GIF, da kamfanin Unisys ya tashi neman kuɗi a ƙarshen 1994 kan dabarar matse shi, dole mutane sunka bar aikinsu sunka ƙirƙiro wani salon hoto mai suna PNG don kawai su kauce ma takarda.

Kar ku ɗauka ina gaba da birbe gaba ɗaya. Irin aikin Abdou Maman Kané na ban ruwa daga nesa da salula, inda akwai famfo akwai faifan rana akwai na'urar da anka haɗa da hannu, ko mai sabon injin busar da albasa ko rumbun da ke rage ruɓewa, waɗannan ku taimaka musu su samu takarda, nan ne take da ma'ana. Haka aikin da anka yi na kare sunan kilishin Nijar da albasar Galmi, madalla, a ƙara.

Mu masu kod abin da za shi amfane mu a hannunku kaɗan ne kuma bai da tsada. Ku zauna da BNDA a samu hanya mai sauƙi da yaro za shi aje kod ɗinshi a ba shi shaida mai kwanan wata daga Tawa ko Agadas ba sai ya hau bis zuwa Yamai ba, don ranar gardama wa ya riga wa ita ce hujja. Ku koya musu rajistar suna da tambari, wannan OAPI na yi, shekara 10 ana sabuntawa, kuma shi ne abin da kwastoma ke ganewa. Ku buga samfurin kontira mai shafi ɗaya ko biyu, ta rufin asiri kafin yaro shi nuna aikinshi a wani ofis, da ta aiki wadda ke faɗin kod na wa ne in an gama biya, don rabin rigimar da nike rabawa a shagona a nan take, mai kanti na cewa na biya nawa ne, yaro na cewa haya na ba ka. Ba wanda ya taɓa zuwa mini da rigimar birbe sai wanga karo.

Moton dai ba a saida ba, ragon ma ya kai salla. Yaron har yanzu shina ɗan fushi da ni, shina ganin na hana shi zama babban mutum, amma ya koma kan aikinshi, yanzu murya yake sa ma manhajar don dillalan da ba su karatu. Na yi mishi alkawali in kunka turo wani Tawa shi yi bayani, ni zan tara yaran in ba da shagona da kujeru, shi ma shi yi tambayoyinshi da bakinshi in ya so ku ƙaryata ni gabanshi. Sai dai in za ku zo kar ku sa ranar Lahadi, ranar kasuwa ce ba wanda za ku samu.

Na gode, a huta lafiya.

Naku, wani malamin ordinater, Tawa